Windows 11: Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu Kuwa?

  

Sharhinmu na yau a kan kwamfuta yake. Amma wanda ba shi da ita, don Allah kada ya murɗa rediyo. Ko ba ka da kwamfuta, da ita ɗanka zai rubuta jarrabawar JAMB. Da ita ake buga maka takarda a shago. Albashinka ma sai ya bi ta cikinta kafin ya iso hannunka. Don haka maganar ta kowa ce.

Tambayarmu ɗaya ce. Windows 11, babbar manhajar nan ta kamfanin Microsoft na Amurka, ta kai yadda aka yi ta kururuta ta kuwa? Bari in ba da amsata tun yanzu, saboda wanda zai tashi kafin mu gama. Manhajar tana aiki, ba a hana ta wannan ba. Amma ba ta kai kururutawar ba. Kuma yawancin waɗanda suka koma kanta, wa'adi ne ya kora su, ba sha'awa ba.

To, bari mu bi abin daki-daki.

Da farko, mece ce babbar manhaja? Ku ɗauke ta a matsayin sarkin kasuwa. Shi ba ya sayar da komai. Amma shi yake raba rumfuna, shi yake sasanta masu rigima, shi yake sa a rufe ƙofa da dare. Haka Windows take a cikin kwamfuta. Manhajar rubutu, da ta lissafi, da ta shiga intanet, duk a ƙarƙashinta suke cin kasuwarsu. Ita ke ba kowacce wuri. Ita ke haɗa su da firinta da linzami da madannai. In ta gyaru, kowa ya ji daɗi. In ta rikice, komai ya tsaya cik.

Yanzu sai mu koma ranar da aka yi shela. Ranar 24 ga watan Yunin 2021 ce. Wani babban jami'in kamfanin, Panos Panay, shi ya gabatar da ita ga duniya. Wanda ya kalli jawabin nan zai tuna yadda mutumin yake magana a hankali, murya na rawa, kamar zai yi hawaye. Aka ce ga sabon zamani ya zo. Aka ce fuskarta ta fi kyau, ta fi natsuwa. Aka ce ta fi sauri, ta fi tsaro, ta fi dacewa da masu wasannin kwamfuta. Aka kuma yi alkawarin da ya fi ɗaukar hankalin matasa. Wai manhajojin wayar Android za su yi aiki a cikin kwamfuta. Ranar 5 ga Oktoba na wannan shekarar aka sake ta.

Wani abin dariya a nan shi ne, a 2015, lokacin da Windows 10 ke shirin fitowa, wani ma'aikacin kamfanin ya faɗa a bainar jama'a cewa ita ce Windows ta ƙarshe. Daga ita sai dai a riƙa yi mata gyare-gyare. Mutane suka riƙe maganar nan. Shekara shida bayan haka, sai ga ta 11.

Dattawan harkar kwamfuta kuwa ba su ruɗe ba, don sun saba jin wannan ganga. A 1995, mutane a Amurka sun yi layi da tsakar dare don sayen Windows 95. Ita kam ta kawo sauyi na gaske, don ita ta zo da maɓallin Start. A 2007 aka kawo Vista da babban biki. Ta zo da nauyi, kwamfutoci suka riƙa jan ciki, har aka kai kamfanin kotu a kan tambarin da aka liƙa wa wasu kwamfutoci cewa za su iya ɗaukarta. A 2012 Windows 8 ta cire maɓallin Start ɗungurungum. Jama'a suka yi ca. Shekara na zagayowa aka mayar da shi. Hausawa dai sun gama magana, ba girin-girin ba, ta yi mai.

To Windows 11 ta yi man? Mu ɗauki alkawuran mu auna.

Mu fara da fuska. Gaskiya ta yi kyau. An goge kusurwoyin tagogi sun zama masu lanƙwasa. An sauya launuka da sautuka. An ɗauko maɓallin Start daga gefen hagu, inda ya zauna shekara ashirin da wani abu, an kawo shi tsakiya. Wanda bai so ba yana iya mayar da shi hagu, wannan da sauƙi.

Amma ku saurari abin da kwalliyar ta ci. A Windows 10, layin nan na ƙasa inda manhajoji ke jeruwa, kana iya kai shi sama ko gefe, yadda ka ga dama. Windows 11 ta fito ba ta yarda da haka ba, masu amfani suka yi shekara da shekaru suna roƙo. A da kana iya jawo fayil da linzami ka ajiye shi a kan manhajar da ke layin. Wannan ma aka cire, sai bayan kusan shekara guda aka dawo da shi.

Ga kuma wanda ya fi ba ma'aikata haushi. Ku dubi yarinyar da ke aiki a shagon buga takardu. Tun safe tana gaban kwamfuta. Layi ya yi tsawo, wannan na jiran takardar neman aiki, wancan na jiran katin ɗaurin aure, ga janareta na shan mai. Hannunta ya riga ya haddace hanya. Ta danna hannun dama na linzami, jerin umarni ya fito, ta zaɓi abin da take so ba tare da ta duba ba. A Windows 11 an taƙaita jerin nan. Kwafa da yankewa da sauya suna sun koma 'yan ƙananan hotuna. Wasu umarnin kuma an tura su bayan wata ƙofa, sai ta ƙara dannawa kafin ta gan su. Dannawa ɗaya ce tak aka ƙara. Amma ga wadda ke yin abin nan tun safe har magariba, ba ƙaramin cikas ba ne. Wanda ya tsara fuskar yana kallon kyau. Ita kuwa sauri take nema.

Sai alkawarin Android. Wannan shi ne babban abin tallan. Ranar da aka saki manhajar, babu shi a ciki. Sai a 2022 ya fara isowa, shi ma a Amurka aka fara. Da ya zo ɗin, ba ta kantin Google aka bi ba, ta kantin Amazon aka bi, wanda kayansa ba su taka kara sun karya ba. A watan Maris na 2024 kamfanin ya ba da sanarwar zai rufe shirin. A watan Maris na 2025 aka rufe. Shi kuwa Panos Panay, tun a 2023 ya bar Microsoft ya koma Amazon. Kun ji yadda babban alkawari ya ƙare.

Kada mu yi mata rashin adalci, masu saurare. Akwai inda ta yi abin a yaba. Ta sauƙaƙa raba fuskar kwamfuta gida biyu, ko uku, ko huɗu. Ɗalibi na iya buɗe littafi a hagu, yana rubutu a dama, cikin dannawa biyu. Daga baya an kawo damar buɗe folda da yawa a taga ɗaya. Ga wanda kwamfutarsa ta cancanta kuma yake da Windows 10 ta halal, hawa 11 kyauta ne. Kuma maganar tsaro ba tatsuniya ba ce. An ƙara wa masu kutse wahala. Wannan gaskiya ne.

Sauri fa? A sabuwar kwamfuta tana gudu lafiya. Amma wanda ya hau daga 10 zuwa 11 a kan kwamfuta guda, da wuya ya ji wani bambancin da zai ba shi labari.

To yanzu mun iso inda gizo ke saƙa. Ina roƙon ku ƙara kasa kunne, don nan ne abin ya taɓa aljihunmu.

Microsoft ya gindaya sharaɗi. Ba kowace kwamfuta ce za ta hau Windows 11 ba. Sai tana da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda aikinsa adana makullan sirri. Sai kuma ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, ta kasance sabon zubi. A ɓangaren Intel, daga zubi na 8 zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan. Zubi na 8 kuwa a 2017 ya fara fitowa. Ma'ana, kwamfutar da aka saya sabuwa fil a 2016, ko da tana aiki sumul, an ce ta tsaya a waje. Har wasu kwamfutocin Surface da shi Microsoft ɗin ya ƙera da hannunsa a 2017, su ma ba su tsallake ba.

Kamfanin ya ce don tsaro ya yi haka. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Masu suka kuma suka ce dabara ce ta sa mutane sayen sababbin kwamfutoci. Ni a nawa ganin, duka biyun na tafiya tare. Tsaron gaskiya ne, cinikin ma gaskiya ne.

Wani kamfanin nazarin kasuwa mai suna Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023. Ya ce kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sharaɗi. To ina suke zuwa? Kamfanoni da ofisoshin Turai da Amurka in sun sauya kaya, ba duka ake narkarwa ba. Wani kaso kwantena yake shiga. Ya sauka a Legas. Ya bi ta Computer Village da ke Ikeja, ya hauro Abuja da Kaduna da Kano. Mu ne kasuwar gwanjon. Yawancin ɗalibanmu da ƙananan 'yan kasuwarmu, laftof ɗinsu na farko 'yar gwanjo ce. Ba abin kunya ba ne. Kaya ne masu ƙarko, wasu ma sun fi sababbin masu araha.

Amma ga inda matsalar take. Ka shiga shago. An ɗauko maka laftof mai jikin ƙarfe, tana ƙyalli, ba ko ƙwarzane. An kunna. Ga Windows 11 ta bayyana, da shuɗin furen nan nata a fuska. Mai shago ya ce, "Alhaji, ka gani da idonka, sabuwar manhaja ce a kai." Ka ji daɗi, ka biya.

Ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba shaida ba ce cewa kwamfutar ta cancanta. Bari in maimaita. Ganin Windows 11 a fuska ba shaida ba ce. Akwai hanyoyin tsallake sharaɗin, kuma duk mai gyaran kwamfuta ya san su. Da ɗan filashi da wata ƙaramar manhaja, cikin awa guda an ɗora ta a kan tsohon zubi. Za ta yi aiki, ba a ce ba za ta yi ba. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Yau ta samu, gobe wa ya sani? Ba na cewa duk mai sayarwa macuci ne. Da yawansu ma gani suke taimako suka yi maka. Amma haƙƙinka ne ka san abin da ka saya, kuma farashin ya nuna hakan.

Kafin in faɗi yadda ake ganewa, bari in ɗan ratse zuwa wani ƙorafin.

Windows 11 an gina ta ne da tunanin mutumin da intanet ba ya yanke masa. Ranar da ka fara kunna sabuwar kwamfuta, za ta nemi ka haɗa ta da intanet. Za ta nemi ka shiga da asusun Microsoft. A da kana iya sa sunanka kawai ka wuce. Yanzu kamfanin sai ƙara toshe hanyoyin kaucewa yake yi. Ga mutumin Landan wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke sayen data giga-giga, yana jona kwamfuta da wayarsa, magana ce babba. Sauke manhajar kaɗai ya haura giga 5. Ga sabuntawar wata-wata. Ga tallace-tallacen manhajoji da aka fara cusawa cikin Start. Ka sayi kwamfuta da kuɗinka, amma kullum ana yi maka tayin wani abu.

Shawara a nan, in da waya kake jonawa, shiga saitin intanet ka shaida wa kwamfutar cewa layin nan na awo ne. Za ta rage zuƙar data a ɓoye.

Sai kuma sabuwar gangar da aka ɗauko, ta ƙirƙirarriyar basira. Daga 2023 aka shigo da mataimaki mai suna Copilot. A 2024 har maɓalli na musamman aka yi masa a madannan sababbin kwamfutoci. A shekarar ce kuma aka yi shelar wani abu mai suna Recall. Aikinsa ya riƙa ɗaukar hoton fuskar kwamfutarka a kai a kai, wai don ka iya tuno abin da ka gani jiya ko makon jiya. Masana tsaro suka ce a'a, wannan ai taskar asirin mutum ce aka tara wa ɓarawo wuri ɗaya. Kamfanin ya ja da baya, ya ɗage fitar da shi, ya sake masa gini. Sai a 2025 ya fito, kuma sai wanda ya ga dama ya kunna. Shi ma a kan wasu sababbin kwamfutoci na musamman kawai yake aiki. Yawancinmu ko ganinsa ba za mu yi ba.

To masu saurare, in kuna son sanin hukuncin da duniya ta yanke, ku dubi ƙafafun mutane. An ba su manhaja kyauta. An yi ta turo musu saƙo a fuskar kwamfuta, ku hau, ku hau. Duk da haka, a ƙididdigar kamfanin StatCounter, sai a tsakiyar 2025 masu Windows 11 suka fi masu Windows 10 yawa. Kusan shekara huɗu ke nan. Kuma me ya matso a lokacin? Ranar 14 ga Oktoban 2025, ranar da Microsoft ya daina kula da Windows 10. Shi ya sa na ce muku tun farko, wa'adi ne ya kora mutane, ba sha'awa ba.

Wani zai ce, to Malam, tunda haka ne, sai in yi zamana a kan 10. Dakata tukuna. Kwamfutarka ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro. Kullum ana gano sababbin ɓaraka a cikin manhaja. Kamfani ne ke turo faci ya toshe. In faci ya daina zuwa, ɓarakar na nan a buɗe, masu kutse kuma sun san da ita. A watan Mayun 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya cikin kwana ɗaya. Ta kulle kwamfutoci tana neman kuɗin fansa. Asibitoci a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Abin takaicin, facin da zai hana wannan ya fito wata biyu kafin nan. Waɗanda ba su ɗora ba su abin ya ci.

A 2025 Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 wata 'yar ƙofa ta ƙarin shekara guda, zuwa Oktoban 2026. A lokacin, ko ka biya dala 30, ko ka samu kyauta in ka haɗa kwamfutar da asusun Microsoft ka yarda ta adana saitinka a wurinsu. Jinkiri ne kawai aka ba ka, ka shirya.

To mene ne abin yi? Ya danganta da wanda ke saurare.

In kwamfutarka na kan Windows 10, akwai ƙaramar manhaja ta kyauta daga Microsoft mai suna PC Health Check. Ita za ta gaya maka ko ka cancanta. In ta ce babu TPM, kada ka yanke ƙauna nan take. A kwamfutoci da yawa yana nan, kashe shi kawai aka yi a saitin ciki, mai gyara zai kunna maka cikin minti kaɗan. In ka cancanta, ka kwashe muhimman fayilolinka ka ajiye a wani wuri, sannan ka hau. Ka hau don tsaro. Kada ka sa ran ganin abin al'ajabi.

In ba ka cancanta ba, kada ka yar da kwamfutarka, kada kuma ka ci bashi. Akwai manyan manhajoji na kyauta, irin su Linux Mint da Ubuntu. Suna tafiya lafiya a kan tsofaffin kwamfutoci, kuma facinsu na zuwa. Za ka yi rubutu, ka yi lissafi, ka shiga intanet. Sai dai in sana'arka ta dogara da CorelDraw ko Photoshop, ka yi shawara da masani tukuna, don waɗannan ba a yi su don Linux ba. In kuma nauyi ne ke damun kwamfutar, sauya mata ma'adana zuwa SSD da ƙara mata ram zai ba ta saurin da babu wata sabuwar Windows da za ta ba ta.

Shugabannin makarantu da masu cibiyoyin jarrabawa da masu shagunan intanet, ku ma wannan lissafin na jiranku. Gara ku zauna ku yi shi da biro da takarda tun kafin ya zo muku a ba-zata.

Sai kai mai shirin shiga kasuwa. Ga abin da na yi alkawari. In an kunna maka laftof, kai linzami kan maɓallin Start, ka danna hannun dama, ka zaɓi System. Shafi zai buɗe da sunan furosesa. Za ka ga an rubuta i5 ko i7, sai ɗan layi, sai lambobi. Kada i7 ɗin ya ruɗe ka. Lambar da ke bin ɗan layin ita ce magana. In ka ga i5-6300, zubi na 6 ne. In ka ga i5-8250, zubi na 8 ne. In lambar ta fara da 10, ko 11, ko 12, ka wuce wurin. Daga 8 zuwa sama, ƙofa a buɗe take. Daga 7 zuwa ƙasa, ka san tsohon zubi kake saye, sai a yi ciniki a kan haka. Ram kuwa, kamfanin ya ce giga 4 ya isa. Ni dai ina ba ka shawarar 8, in aljihu ya yarda.

Hukuncina dai bai sauya ba. Windows 11 manhaja ce mai aiki, mai ɗan ƙarin tsaro, mai kyan fuska. Amma abin da aka yi shela ya fi abin da aka kawo.

Iyaye masu shirin saya wa yara kwamfutar makaranta, don Allah ku tafi da wanda ya san harkar. Ku duba lambar nan kafin ku ƙirga kuɗi. Ku nemi rasiti, a rubuta zubin furosesa a jiki. Wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai ji ba.